George Hackett: likitan tiyatar da ya koma yi wa ciwon baya allura

In ciwon baya ko na gwiwa ya daɗe yana damunku, mai yiwuwa kun ji ana tallar allurar da ake cewa tana farfaɗo da gaɓa ba tare da an yi aiki ba. Dabarar ba sabuwa ba ce. Wanda ya raɗa mata suna shi ne Dakta George Hackett, Ba'amurke, da aka haifa a 1888.

Hackett likitan tiyata ne a garin Canton na jihar Ohio, kuma ya daɗe yana duba waɗanda suka yi haɗari. Ya lura cewa da yawansu ƙashi ya ɗoru, rauni ya warke, amma baya na ci gaba da ciwo. Sai ya ɗora laifin a kan jijiyoyin da ke ɗaure ƙashi da ƙashi. A ganinsa sun saki ne, kamar igiyar da ta sha jan kaya, shi ya sa gaɓar ke motsi fiye da ƙima.

A zamaninsa akwai likitocin da ke yi wa masu gwaiwa allurar da ke sa nama ya yi tabo ya toshe ƙofar. Wannan tunanin ya ɗauka. Daga 1939 ya fara zuba magani mai ɗan ƙuna daidai inda jijiya ta manne da ƙashi, don wurin ya kumbura kaɗan, jiki ya tashi gyara, jijiyar ta ƙara kauri. Ya gwada a kan zomaye, ya ce ya ga kaurin. A 1956 ya fitar da littafi a kan hanyar, wadda ya kira furolotarafi. Dakta Gustav Hemwall, wanda ya koya a wurinsa, shi ya yaɗa ta da ruwan gulukos mai ƙarfi, wanda har yau aka fi amfani da shi. Hackett ya rasu a 1969.

Ya ba da rahoton cewa akasarin majinyatansa sun samu sauƙi, kuma a nan gizo ke saƙa. Shi ya yi allurar, shi ya auna sakamakon, bai kuma kwatanta da waɗanda ba a yi wa ba, alhali ciwon baya kan lafa don kansa. Da masu bincike na Cochrane suka tattara gwaje-gwaje a 2007, ba su ga allurar ita kaɗai tana maganin daɗaɗɗen ciwon baya ba. A 2019 ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka ba ta goyi bayan yin ta ga zaizayar gwiwa da ƙugu ba, ta kuma fi tsanantawa a kan allurar PRP, wadda ake tacewa daga jinin mutum.

Ni dai ina ganin Hackett ya yi daidai da ya ce ba kowane ciwon baya ke buƙatar wuƙa ba. Amma manomin Malumfashi ko Funtua da ya yi damina a duƙe kan fartanya, kada ya sayar da masararsa don allurar nan kafin a gano abin da ke damunsa. Ciwon baya tare da rama, zazzaɓi da gumin dare na iya zama tarin fuka na ƙashin baya. Ciwon ƙugu ga mai sikila kuwa sau da yawa kan ƙashin cinya ne ke mutuwa, hoto yake buƙata. Allurar gaɓa a shagon kemis na iya shigar da ƙwayar cuta ta lalata gaɓar cikin 'yan kwanaki.