Nana Asma'u bayan rasuwar Shehu

Ƴan'uwa Musulmi, yau za mu tuna Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usumanu ɗan Hodiyo, haifaffen Maratta ta nan ƙasarmu. Tana da kimanin shekara 24 mahaifinta ya rasu a Sakkwato, cikin 1817. Ta nemi sanyin zuciya cikin littattafansa, har ta mai da wata waƙarsa daga Hillanci zuwa Hausa. Allah kuma ya dafa mata da aminiyarta tun ƙuruciya, A'isha matar Sarkin Musulmi Bello. Da A'isha ta riga ta, sai ta yi mata marsiyya da Larabci, tana tunatar da mu cewa Annabi (SAW) kururuwa ya hana, bai hana hawaye ba. Ta cika cikin 1864, aka rufe ta kusa da mahaifinta. Allah ya jiƙan su.