Johann Wichern da Ƙafar Amalanke

'Yan'uwa, in yaranmu a Tsafe suka dame mu da tambayar saura kwana nawa Kirsimeti, mu tuna da Johann Hinrich Wichern. An haife shi a Hamburg, ƙasar Jamus, a 1808. Yana ɗan shekara 15 mahaifinsa ya rasu, ga shi ɗan fari, sai ya shiga koyar da 'ya'yan mutane don a sami na abinci a gida. Da ya gama karatun tauhidi ya koyar a makarantar Lahadi a unguwar talakawa. Wahalar da ya gani can ta sa ya buɗe gidan Rauhes Haus a 1833, inda yara marasa galihu ke zama rukuni-rukuni kamar iyali.

Su ma tambayar nan suke yi masa. A 1839 ya ɗauko tsohuwar ƙafar amalanke ya jera mata kyandirori, manya huɗu farare na ranakun Lahadi, ƙanana jajaye na sauran ranaku. Kullum lokacin sujada a kunna ƙarin ɗaya, haske yana ƙaruwa har jajibirin Kirsimeti. Yaron da bai iya ƙirga ba ma yana ganin zuwan Almasihu na matsowa.

Mu tsohon wilin keke ya ishe mu, sai dai a kunna a ɗaki saboda iskar hunturu. Mu kira yaran da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyuka su zauna da namu.

Wichern ya rasu a 1881. Gidan yana aiki har yau.