MALAM SA'ADU ZUNGUR: ƊALIBIN FARKO DAGA AREWA A KWALEJIN YABA

Na zaɓi in ba ku tarihin Malam Sa'adu Zungur ne saboda abin da ya faru da ni a shekarata ta farko a nan Kudu. Na yi wata biyu cur ban san ko'ina ba sai ɗakin kwana da aji da masallaci. Abincin bai karɓe ni ba, harshen gari ba na ji, in an yi dariya a ɗaki sai in ɗauka da ni ake. Har na fara haɗa kayana da niyyar komawa gida. Wani ɗan aji huɗu ne ya zaunar da ni, ya ba ni labarin wani saurayi da ya riga mu shan irin wannan baƙunta tun a 1934, kuma shi kaɗai, ba shi da ɗan'uwa ko ɗaya. Daga nan na shiga neman tarihinsa.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Malam Sa'adu a Bauchi wajen shekarar 1915, a gidan malamai. Mahaifinsa Malam Muhammadu Bello limami ne, don haka tun yana yaro ya yi karatun Alƙur'ani da littattafan fiƙihu da Larabci a gaban iyayensa. Bayan ya yi makarantar boko a Bauchi, sai ya wuce Kwalejin Katsina a 1929. Wannan kwaleji ita ce ta yaye su Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Akasarin waɗanda suka gama ta koyarwa suke komawa yi a lardunansu, ko aikin En'e. Shi kuwa Sa'adu sai ya doshi Ikko, ya shiga Babbar Kwalejin Yaba a 1934, ya zama ɗan Arewa na farko da ya yi karatu a cikinta.

Baƙunta a Ikko

Ku dubi yadda tafiyar take a wancan zamani. Jirgin ƙasa bai kai Bauchi ba tukuna, sai mutum ya fito Jos ko wata tasha kafin ya kama hanyar Ikko. Babu wayar hannu da zai ji muryar gida da ita, sai wasiƙa. Babu ƙungiyar ɗaliban Hausa da za ta tarbe shi a bakin ƙofa kamar yadda aka tarbe mu. Abokan karatunsa duk 'yan Kudu ne, yawancinsu daga makarantun mishan suka fito, shi kuma ɗan liman ne daga Bauchi, shekarunsa ba su kai ashirin ba.

A wancan lokaci Yaba ce makaranta mafi girma a Nijeriya, don babu jami'a ko ɗaya. Ana koyar da likitanci da injiniyanci da aikin gona da koyarwa, amma takardar da ake bayarwa ba ta kai digiri ba, wanda ya gama mataimakin Bature kawai zai zama. Wannan ya fusata 'yan bokon Ikko, har su Ernest Ikoli da H.O. Davies da Dokta J.C. Vaughan suka kafa ƙungiyar matasan Ikko a 1934, wadda ta koma ta matasan Nijeriya baki ɗaya a 1936. Ashe ke nan shekarar da Sa'adu ya sauka, ita ce shekarar da garin ya ɗauki zafi a kan makarantar da ya zo. Ya ga jaridu suna sukar gwamnati a fili, ya ga ana taro ana ja-in-ja da hukuma, abin da ba a saba gani a Arewa ba.

Bai daɗe a Yaba ba, kuma bai fita da takardarta ba. Ya koma Kano makarantar koyon aikin tsabta, inda ake horar da duba-gari, ya zama malami a wannan fanni, daga baya aka kai shi Zariya. Wannan ba abin koyi ba ne gare mu, domin mu digiri ya kawo mu, kuma iyayenmu suna jira. Abin da ya ja hankalina shi ne abin da ya ɗauko a wajen aji.

Abin da Ya Kawo Gida

A Zariya ya fara tara matasa 'yan boko don muhawara a kan halin da ƙasa take ciki. Da rashin lafiya ta mayar da shi Bauchi bai zauna ba. A 1943 aka kafa zauren tattaunawa na Bauchi, inda yake zama da Malam Aminu Kano da Tafawa Ɓalewa, waɗanda suke koyarwa a makarantar Midil ta garin. A nan ake tattauna mulkin En'e da haraji da ilimi, har tambayoyin suka yi wa hukuma zafi aka rufe zauren. Malam Aminu Kano ya ɗauke shi a matsayin malami kuma jagora a siyasa.

A 1948 ya shiga jam'iyyar NCNC ta Dokta Nnamdi Azikiwe, ya sake komawa Ikko, har ya riƙe muƙamin sakatarenta na ƙasa. Ku lura da wannan: garin da ya shiga a matsayin baƙo mara kowa, shi ne ya koma yana riƙe da alƙalamin jam'iyya mafi ƙarfi a Kudu. Da bai taɓa zama da mutanen ba, da wuya su amince masa, shi ma da wuya ya amince musu. Yana cikin waɗanda suka halarci taron kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a Kaduna a 1949, daga baya kuma ya tsaya tare da NEPU wadda aka kafa a 1950.

Duk da wannan cuɗanya bai yar da harshensa ko addininsa ba. Da Hausa ya rubuta waƙoƙin da muke nazari a aji yau, irin su Maraba da Soja da Waƙar Bidi'a da Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, wadda a cikinta ya gargaɗi sarakuna da talakawan Arewa a kan jahilci da zalunci. Ciwo ya daɗe yana cin sa, ya rasu a Bauchi a 1958, shekara biyu kafin samun 'yancin kai. Allah ya jiƙansa. Yau jami'ar jihar Bauchi da ke Gadau sunansa take amsawa. Ita kuwa Yaba, ɗalibanta 104 ne aka kwasa aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan da su a 1948.

Kammalawa

Sabon ɗalibi daga gida yakan faɗa ɗayan ramuka biyu. Wani ya ƙulle kansa, ba ya magana da kowa sai Bahaushe, ya gama shekara huɗu bai iya gaisuwa da Yarabanci ko Ibo ba. Wani kuma ya saki jiki gaba ɗaya, daga wannan fati zuwa wancan, har 'yan ƙungiyar asiri su yi masa tayin kariya, alhali zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Malam Sa'adu ya bi ta tsakiya, ya shiga mutane da idonsa a buɗe, ya ɗauki abin da zai amfani garinsu, ya bar sauran.

Ni dai bayan na ji labarinsa na kwance kayana. Na shiga ƙungiyar muhawara, na koyi cin amala, kuma wanda ya fi taimakona a jarrabawar farko abokin ɗakina ne daga Enugu. Ku halarci taron ƙungiyar Hausa, amma kada ku tsaya nan. Ku gai da maƙwabcin gadonku yau, ku tambaye shi sunan garinsu. Allah ya ba mu sa'ar abin da muka zo nema, amin.