Maikel Faraday, Ɗan Maƙeri

Tun ran da na karanta tarihin mutumin nan na bar raina yaron da ke zaune a ƙarshen aji.

An haifi Faraday kusa da Landan cikin 1791. Ubansa maƙeri ne matalauci, shi kuwa bai yi nisa a makaranta ba. Yana ɗan shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai, sai ya riƙa karanta waɗanda aka kawo ɗinki. Cikin 1813 wani babban masani, Humphry Davy, ya ɗauke shi mataimaki. Cikin 1831 ya gane in aka motsa maganaɗisu cikin naɗaɗɗiyar waya, lantarki zai gudana. Da wannan dabara injunan ba da wuta ke aiki har yau. Ya rasu cikin 1867.

Na baya sun ɗora. Cikin 1988 masana suka jera ƙarfe da kuromiyam falle-falle, sirara ƙwarai, suka tarar maganaɗisu na rage musu taurin kai ga lantarki. Yanzu ana gwada shimfiɗa irinsu bisa leda mai lanƙwasuwa, don na'urorin likita da za a manna a fata.

To, 'yan'uwana malaman gobe, in ɗan maƙeri ya nemi aron littafi, ku ba shi.