Sarkin Musulmi Muhammadu Bello: Masanin da ya nemi makiyaya su zauna, su rage shanu su ƙara tumaki da awaki

Idan aka ambaci Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, abin da ke fara zuwa zukatan jama'a shi ne takobi da alƙalami, wato jagoran yaƙin da ya ci Alƙalawa, kuma marubucin Infaƙul Maisuri. Ba kasafai ake tuna shi a matsayin shugaban da ya zauna ya yi nazari a kan garke ba: wace dabba ta fi dacewa mutum ya kiwata, a ina zai kiwata ta, kuma me zaman wuri ɗaya zai amfana wa makiyayi. Alhali kuwa duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega ya ratsa Tambuwal, ko ya shiga Sanyinna da Kebbe ya ga Fulanin gida da gonakinsu da jajayen awaki a turke, to yana kallon ƙasar da wannan tunani ya taɓa kusan shekara 200 da suka wuce.

An haifi Muhammadu Bello a shekarar 1781. Mahaifinsa shi ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, mahaifiyarsa kuwa Hauwa'u. Ya tashi a Ɗegel, ya yi karatu a gaban mahaifinsa da baffansa Abdullahi da yayansa Muhammadu Sa'adu. Gidansu na malamai ne, dukiyarsu littattafai ce, amma maƙwabtansu makiyaya ne, Fulani da Azbinawa, saboda haka tun yana yaro ya san yadda rayuwar mai bin saniya take.

A watan Fabrairun 1804 jama'ar Shehu suka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, Bello yana da shekara 22 da ɗoriya. A watan Yuni aka yi nasara a Tafkin Kwatto, a ƙarshen shekarar kuma aka sha kashi a Tsuntsuwa, inda malamai da mahaddata masu yawa suka yi shahada. Abin da ya fi damun jama'ar a waɗannan shekaru shi ne abinci. Dubban mutane ne da iyalansu da dabbobinsu suke tafe ba gona ba rumbu. Zaman da suka yi a Sabon Gari a ƙasar Zamfara a 1805 ya ƙare da ɓacin rai tsakaninsu da Zamfarawa, domin mayaƙan da yunwa ta matsa sun riƙa faɗa wa ƙauyuka neman hatsi. Daga nan aka koma Gwandu, aka yi mummunan karon Alwasa. Sai a 1808 Alƙalawa ta faɗi, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa, kuma a 1809 Bello ya fara gina Sakkwato. Mutumin da ya ga yadda yunwa ke wargaza runduna ta kuma mayar da aboki abokin gaba, ba abin mamaki ba ne idan ya ɗauki maganar mazauni da abinci da muhimmanci.

Shehu ya rasu a 1817, aka yi wa Bello mubaya'a. Bai sami sarauta a kan tabarmar hutu ba. Abdussalami ya yi tawaye a Kware, Gobirawa da Zamfarawa da Kabawa suka yunƙura, sannan sai da aka yi yaƙin Kalambaina kafin zumunci ya daidaita tsakaninsa da baffansa Abdullahi na Gwandu. A cikin wannan hali ne matsalar makiyaya ta fito fili. Manyan ƙungiyoyin Fulani su ne suka kasance ƙashin bayan rundunar jihadi, irin su mutanen Aliyu Jeɗo, da Fulanin Kebbi na Muhammadu Moyijo wanda ya zauna a Yabo, da Alibawan Namoda a Zamfara. Amma mai shanu bawan ciyawa da ruwa ne. Da rani ya yi, dole ya gangara inda ɗanyar ciyawa take, ko da kuwa a lokacin ne ake bukatarsa a bakin iyaka. Ɗansa ba ya zama gaban malami, shi kansa ba ya samun Juma'a, alƙali kuma ba ya iya kai gare shi.

Maganin da Bello ya kawo shi ne ribaɗi, wato garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, inda ake tsugunar da jama'a su yi noma su kuma yi tsaro. Shi da kansa ya gina Wurno ya mayar da ita mazauninsa, ya ɗora 'ya'yansa da 'yan'uwansa a kan wasu. Ta kudu, ɗan'uwansa Muhammadu Buhari ɗan Shehu ne ya zauna a Tambuwal, wadda ke tsare hanyar da ta haɗa Sakkwato da Gwandu. Masanin tarihi Murray Last, a littafinsa na 1967 kan Daular Sakkwato, ya bayyana cewa an koya wa Fulanin da aka tsugunar noma, aka kuma ƙarfafa musu gwiwa su kiwata dawaki da raƙuma da tumaki da awaki, su rage yawan shanu. Irin wannan shawara ce Bello ya ba Muhammadu Jelani, malamin Azbinawa da ya tayar da nasa jihadin a arewacin Sakkwato, cewa ya gina wa mutanensa garuruwa da masallatai, ya sa musu malamai.

Hujjar Bello ta addini ce da ta tsaro. Doki da raƙumi kayan yaƙi ne da sufuri, tunkiya da akuya kuwa ba sa raba mutum da gari. Sai dai idan aka auna shawarar da ma'aunin likitocin dabbobi na yau, za a ga tana da ƙafar tsayawa. Saniya tana ɗaukar ciki wata tara da 'yan kwanaki, ta haifi maraƙi ɗaya, kuma a kiwon gargajiya takan daɗe kafin ta sake ɗauka. Akuya da tunkiya wata biyar suke yi. Jar akuyar Sakkwato, wadda a Nijar ake kira akuyar Maraɗi, ta yi suna wajen yawan haifar tagwaye, tana kuma iya rayuwa da ganyen itatuwa da harawa da dusa a lokacin da saniya ke ramewa. Gidan da annoba ko fari ko hari ya share wa dukiya yakan fi saurin farfaɗowa da awaki biyar fiye da saniya ɗaya. Ga shi kuma akuya dukiya ce da mace da yaro ke iya mallaka, a sayar da ita ranar kasuwa a biya bukata ba tare da an taɓa uwar garke ba.

Amma zaman wuri ɗaya yana da nasa farashi, kuma a nan ne binciken zamani ya fi haskaka lamarin. Dabbar da ke yawo ita ke neman abincinta, wadda aka ɗaure kuwa sai abin da aka kawo mata. Mafi yawan girman ɗan tayi yana faruwa ne a makonni shida na ƙarshen ciki, daidai lokacin da mahaifa ta cika ciki ta matse tumbi, har uwar ba ta iya cin abinci da yawa. Idan tagwaye take ɗauke da su, abincin kuma busasshen kara ne kawai, sai sukarin jininta ya faɗi, jikinta ya koma narkar da kitsensa, gubar da ke fitowa daga wannan narkewa ta taru a jini. Za a ga dabbar ta ware daga 'yan'uwanta, ta daina cin abinci, tana cizon haƙora, wani lokaci ta makance, daga bisani ta kwanta ta kasa tashi. Sau da yawa uwa da 'ya'yan duk ake rasawa. Rigakafin abin a rumbu yake: harawar wake da ta gyaɗa, da kowa, da dusa, da 'ya'yan gawo waɗanda ke zubowa da rani, a riƙa ƙara wa mai ciki kaɗan-kaɗan tun kafin ta yi nauyi. Wannan ne ya sa haɗa kiwo da noma da Bello ya yi ya fi kowane ɓangare na shirinsa ma'ana. Gonar wake ita ke ciyar da akuya da rani, takin akuya kuma shi ke raya gonar da damina. Wanda aka tsugunar ba tare da gona ba, an ɗaure masa dabba ne kawai ta mutu a turke.

Shari'ar da Bello ya yi mulki da ita ma ta san darajar dabba mai ciki. Zakka tana hawa ne a kan raƙuma 5, ko shanu 30, ko tumaki da awaki 40, kuma a Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ruwaito umarnin Sayyidina Umar cewa mai karɓar zakka kada ya ɗauki mai ciki, ko mai shayarwa, ko namijin da ke barbara. Shehu kuma ya lissafa jangali cikin zaluncin sarakunan da ya yaƙa, a Kitabul Farƙi, ko da yake Turawan mulkin mallaka sun ci gaba da karɓar sa a zamaninsu. Abin takaici, a garin da Bello ya gina, ɗaya daga cikin batutuwan da masu bincike na Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suka sha rubutu a kai shi ne asarar 'yan tayi a kwata, wato yanka dabbobi masu ciki. Makiyayin da rani ya matsa yakan sayar da abin da ya samu, mahauci kuma yakan sayi abin da ya yi masa araha, ba a duba cikin dabbar ba sai bayan an sa wuƙa.

Mahauta kansu ba su ɓace wa Bello ba. A Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya ɗora wa shugaba nauyin kula da masu sana'o'in da jama'a ba sa iya rayuwa sai da su, ya kawo manoma da maƙera da maɗinka da marina da masu magani da mahauta da masassaƙa, ya ce a rarraba su a garuruwa da ƙauyuka, a gina kasuwanni da hanyoyi, a kuma tanadi abinci. A ƙasa mai zafi irin wannan, hikimar mahauci ita ce adana nama. Kilishi misali ne: a yanyana tsoka fale-fale, a shanya ta a rana, a tsoma ta cikin labu na tunkuza da kayan yaji, a sake shanyawa, sannan a gasa sama-sama. Da ruwan jikin naman ya fita, sai ya ɗauki watanni bai lalace ba, ya zama guzurin fatake. Fatar jar akuya kuwa, bayan majema sun jeme ta da bagaruwa an rina ta da karan dafi, ita ce ta riƙa ƙetara Sahara har Turai, inda aka san ta da sunan fatar Maroko, saboda ta hannun 'yan kasuwar Arewacin Afirka take isa gare su.

Bello ya bar rubuce-rubuce fiye da 100, kuma wasu daga cikinsu a kan magani ne, har da na cututtukan ido, da na basir, da na amfanin filasko. Da Baturen Ingila Hugh Clapperton ya iso Sakkwato a watan Maris na 1824, cikin abubuwan da Bello ya nema a aiko masa har da likita. Clapperton ya dawo a 1826, amma likitocin da suka taso tare da shi ba su iso ba, shi ma ya rasu a Sakkwato a watan Afrilun 1827.

Bai kamata a ƙawata labarin fiye da yadda yake ba. Garuruwan ribaɗi da rinjojin da ke kewaye da su sun dogara ƙwarai da aikin bayi da aka kamo a yaƙe-yaƙe. Sannan ba duka makiyaya suka amsa kiran ba. Ga Bafulatanin daji, saniya ta wuce dukiya, ita ce mutuncinsa da gadonsa, don haka da yawa suka ci gaba da bin burtali. Abin da lallashin sarki bai yi ba, annoba ta yi shi da ƙarfi: wajejen 1890 cutar bushiya ta ratsa ƙasar Hausa ta kashe shanu ba adadi, ta tilasta wa iyalai da dama kama fartanya. Ita kuwa bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari tana kuma kama mutum ta hanyar ɗanyar madara, sai a 1897, shekara 60 cif bayan rasuwar Bello, likitan dabbobi ɗan ƙasar Denmak Bernhard Bang ya gano ƙwayar da ke haddasa ta. Cuta ce da ke samun sauƙin yaɗuwa inda dabbobi suka cunkushe a wuri ɗaya, saboda haka ita ma tana cikin kuɗin da zama ke karɓa.

Gwamnatocin baya-bayan nan sun sha komawa kan tambayar da Bello ya fuskanta, daga dokar keɓe wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965, zuwa shirin Ruga da aka dakatar a 2019, har zuwa kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya a 2024. Bambancin da ke akwai shi ne Bello bai tsaya ga nuna wa makiyayi fili ba, ya haɗa masa da gona da ganuwa da kasuwa da makaranta da alƙali, kuma shi da kansa ya bar babban birni ya tare a bakin iyaka tare da waɗanda ya tsugunar.

Yaƙinsa babba na ƙarshe shi ne na Gawakuke a 1836, inda ya karya haɗin gwiwar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Azbinawa, aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda. A watan Oktoban 1837 ya rasu a Wurno yana da shekara 55, bayan shekara 20 a kan mulki. A can aka binne shi, ƙanensa Abubakar Atiku ya gaje shi.