Tarihin Giuseppe Verdi, Yaron da Makarantar Kiɗa Ta Ƙi Ɗauka

A filin tarihin mashahuran mutane na wannan fitowa, mun kawo muku tarihin wani mutumin ƙasar Italiya mai suna Giuseppe Verdi. Ya rasu fiye da shekara 120 da suka wuce, amma har yau shekara ba ta ƙarewa ba a sake nuna wasanninsa a manyan biranen duniya ba.

Sana'ar Verdi ita ce tsara kiɗan opera. Opera wasan kwaikwayo ne da ake yi a kan dandamali, amma 'yan wasan ba magana suke yi ba, rera komai suke yi daga farko har ƙarshe. A gaban dandamalin akwai makaɗa masu yawa, wasu da goge, wasu da kayan busa, wasu da ganguna. Wani ne yake rubuta kalmomin, shi kuma Verdi ya rubuta kiɗan da kowace murya da kowane makaɗi za su bi.

An haifi Verdi a watan Oktoba na shekarar 1813, a wani ƙauye mai suna Le Roncole kusa da garin Busseto, a arewacin Italiya. Mahaifinsa yana da ɗan masauki da kanti, mahaifiyarsa kuma kaɗi take yi. Da mahaifin ya ga yaron yana son kiɗa, sai ya saya masa wani tsohon abin kiɗa mai kama da fiyano. Tun bai kai shekarunmu ba, Verdi ya zama mai kiɗa a cocin ƙauyensu. Daga baya wani attajirin Busseto mai suna Antonio Barezzi ya ɗauki nauyinsa kamar ɗansa.

A shekarar 1832, yana da shekara 18, ya tafi birnin Milan neman shiga babbar makarantar koyon kiɗa. Aka yi masa jarrabawa, aka ƙi ɗaukarsa. Shekarunsa sun wuce ƙa'ida, kuma masu jarrabawar ba su gamsu da yadda yake ɗora hannu a kan fiyano ba. Bai tattara kayansa ya koma ƙauye ba. Ya zauna a Milan yana ɗaukar darasi a wurin wani malami mai suna Vincenzo Lavigna, Barezzi yana taimaka masa da kuɗi.

A 1836 ya auri Margherita, 'yar maigidansa Barezzi. Sun haifi 'ya'ya biyu, mace da namiji. Macen ta rasu a 1838, namijin ya rasu a 1839, ita ma Margherita ta rasu a 1840. A cikin wannan baƙin ciki ne ya ƙarasa wani wasan barkwanci da ya riga ya yi alkawarin rubutawa. Da aka nuna shi a gidan wasa na La Scala da ke Milan, 'yan kallo suka yi masa ihu, kwana ɗaya kawai aka yi aka janye shi. Verdi ya yanke shawarar daina rubuta kiɗa.

Shugaban gidan wasan, Bartolomeo Merelli, bai yarda ba. Ya matsa masa ya karɓi wani rubutu a kan Nebukadnezzar, sarkin Babila, da Bani Isra'ila da ya kwashe zuwa bauta. Daga nan wasan Nabucco ya fito a watan Maris na 1842. Mutane suka so shi ƙwarai, har aka nuna shi sau 57 a ƙarshen wannan shekarar. Sunan Verdi ya bazu a Italiya, daga nan ya tsallaka sauran Turai.

Duk da haka bai gama gamuwa da faɗuwa ba. A 1853 aka nuna wasansa La traviata a birnin Venis, bai samu karɓuwa ba. Labarin wata mata ce da ciwon tarin fuka yake ci, kuma Verdi ya so 'yan wasa su sa tufafin zamaninsa domin 'yan kallo su ga kansu a ciki. Masu gidan wasan suka ƙi, suka mayar da labarin zuwa wajen shekarar 1700. Bayan shekara ɗaya aka sake shirya wasan a wani gida na Venis ɗin, da wasu mawaƙa daban da 'yan gyare-gyare, sai ya samu gagarumar nasara. Yau yana cikin wasannin opera da aka fi nunawa a duniya, kuma sau da yawa da tufafin zamani ake yin sa, yadda mai shi ya so tun farko.

Wasan da ya fi jan hankalinmu shi ne Aida, domin labarinsa a Afirka yake. Isma'il Basha, mai mulkin Masar, ya gina gidan opera a Alƙahira a 1869, shekarar da aka buɗe mashigin ruwa na Suez. Ya so a rubuta sabon wasa domin wannan gida, aka biya Verdi faran 150,000. An ɗinka tufafin wasan an kuma haɗa kayan dandamali a birnin Faris, sai yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Jamusawa, kayan suka maƙale a can. Sai ranar 24 ga Disamba, 1871 aka nuna wasan a Alƙahira. Verdi bai je ba.

Aida 'yar sarkin Habasha ce da aka kama aka mayar baiwa a fadar Fir'auna. Suna son juna da Radames, sarkin yaƙin Masar, wanda aka tura ya yaƙi ƙasar mahaifinta. Ga son ƙasa, ga son masoyi, ta rasa wanda za ta zaɓa. A ƙarshe aka yanke wa Radames hukuncin binnewa da rai, ita kuma ta ɓuya a cikin kabarin suka mutu tare. A tsakiyar wasan akwai wurin da mayaƙa suke dawowa da nasara, taro ya cika dandamali kamar ranar hawan sallah. Domin wannan wuri Verdi ya sa aka ƙera wasu dogayen abin busa masu kama da kakakinmu.

Kowane zamani da yadda yake sake shirya Aida. A 1913, da Verdi ya cika shekara 100 da haihuwa, an nuna shi a tsohon filin wasa na Rumawa da ke birnin Verona, kuma daga nan aka fara bikin opera da ake yi a can har yanzu. A 1987 an nuna shi a gaban tsohon ginin Fir'aunoni da ke Luksor a Masar. Shekaru da yawa Turawa ne suke fitowa a matsayin Aida, suna shafa baƙi a fuska. Yanzu mutane da dama suna ganin wannan cin fuska ne, wasu gidajen wasa sun daina. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shahara da wannan matsayi kuwa baƙar fata ce 'yar Amurka, Leontyne Price, wadda da shi ta yi bankwana da opera a 1985.

Verdi ya rubuta opera fiye da 25. Na ƙarshe, Falstaff, wasan barkwanci ne da ya fito a 1893 yana da shekara 79, kuma wannan karon tafi aka yi masa. Da dukiyarsa ya gina asibiti kusa da gonarsa, ya kuma gina gida a Milan domin tsofaffin mawaƙa da makaɗa marasa galihu. Da yake kwance rashin lafiyarsa ta ƙarshe, an shimfiɗa ciyawa a kan titin da ke gaban masaukinsa don kada ƙarar kofaton dawaki ta dame shi. Ya rasu ranar 27 ga Janairu, 1901, yana da shekara 87. Kabarinsa yana cikin gidan tsofaffin da ya gina, kuma gidan yana aiki har yau.

Mun zaɓi wannan tarihi ne saboda a cikinmu akwai waɗanda suka faɗi jarrabawa, akwai waɗanda suka maimaita aji, akwai kuma waɗanda suka rasa iyaye ko 'yan'uwa. Verdi ya ga irin wannan, kuma bai tashi shi kaɗai ba, sai da Barezzi da Lavigna da Merelli suka riƙe shi. Saboda haka muna roƙon malamanmu kada su cire rai da ɗalibin da ya faɗi, mu ma kada mu yi masa dariya. Makarantar nan ta Milan da ta ƙi ɗaukarsa, yau sunan Giuseppe Verdi take amsawa.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.