Abebe Bikila, Gwanin Dogon Gudu na Habasha

'Yan'uwana ɗalibai, tun da yake dukanmu za mu koyar da wasannin motsa jiki in mun fita, na ga ya kyautu in ba ku labarin Abebe Bikila, mutumin Habasha, domin a rayuwarsa ake ganin abin da dogon gudu yake nema daga jikin ɗan Adam.

An haife shi ran 7 ga Agusta, 1932, a ƙauyen Jato cikin lardin Shewa. Ubansa makiyayi ne. Da ya girma sai ya tafi Adis Ababa, ya shiga sojan da ke tsaron Sarki Haile Selassie. A can ne wani malamin wasanni daga Suwidin, mai suna Onni Niskanen, ya ga irin gudunsa, ya ɗauke shi yana horonsa.

Tseren da ya ƙware a kai shi ne maraton, mil 26 da yadi 385, watau kilomita 42 da 'yan kai. Mai wannan tsere yana gudu fiye da sa'a biyu ba tsayawa, gumi na zuba, ruwan jikinsa na raguwa. Abincin da jiki ya tanada cikin tsoka da hanta yakan ƙare wajen mil 20, daga nan sai ƙafafu su yi nauyi kamar an ɗaura musu dutse. Ga kuma bororo a tafin ƙafa. Amma Adis Ababa bisa tudu take, fiye da mita 2,300, inda numfashi yake da wuya. Wanda ya saba gudu a wurin kowace rana, jininsa yakan iya ɗaukar iska sosai, in ya sauko ƙasa sai ya ji sauƙi.

A 1960 aka tafi da shi Wasannin Olimfik a Roma. Takalman da ya samu ba su yi masa daidai ba, saboda haka ran 10 ga Satumba ya shiga tseren ƙafa ba takalmi. An yi gudun da yamma har duhu ya yi, sojoji suna riƙe da wuta suna haska hanya. Shi da Rhadi Ben Abdesselam na Maroko suka bar sauran a baya, sa'an nan kusa da ƙarshe Abebe ya ƙara mai, ya ba shi ratar daƙiƙa 25. Ya gama cikin sa'a 2 da minti 15 da daƙiƙa 16, ba wanda ya taɓa yin wannan sauri kafinsa. Shi ne baƙar fata na farko daga Afirka da ya ci lambar zinariya a Olimfik, a babban birnin Italiya kuwa, ƙasar da ta kai wa Habasha yaƙi a 1935.

Waɗansu sun zaci sa'a ce kawai. To, a 1964, ƙasa da mako shida kafin tseren Tokiyo, aka yi masa aiki a ciki aka cire ɗan guntun hanjin nan da kan kumbura, wanda ake kira afendis. Duk da haka ran 21 ga Oktoba ya fito, wannan karo da takalmi, ya gama cikin sa'a 2 da minti 12 da daƙiƙa 11. Na biyu, Basil Heatley na Ingila, bai iso ba sai bayan fiye da minti huɗu. Abebe ne mutum na farko da ya ci maraton na Olimfik sau biyu.

Amma jiki yana da iyaka. A Meksiko, a 1968, ya shiga tsere da rauni a ƙafa, tilas ya tsaya tun bai kai rabin hanya ba, ɗan ƙasarsu Mamo Wolde ya ci. A watan Maris, 1969, ya yi hatsarin mota, ƙafafunsa suka shanye. Aka kai shi asibitin Stoke Mandeville a Ingila, ya yi watanni yana jiyya. Bai sake takawa ba, amma daga kan kujerarsa ya koyi harbin kibiya, har ya shiga gasa a 1970. Ya rasu ran 25 ga Oktoba, 1973, yana da shekara 41.

A ganina, abu biyu ya kamata mu riƙe. Na ɗaya, kada mu raina yaro don ya zo filin wasa ba takalmi, mu dubi numfashinsa da jimirinsa. Na biyu, Abebe ya yi shekaru yana horo kafin Roma. Malamin da ya tura yara dogon gudu da tsakar rana, ba shiri ba ruwan sha, zai iya kwantar da ɗan wani a asibiti. A fara da mil guda da sanyin safiya, a riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan, wanda ya ji ciwo kuwa a bar shi ya huta.